Warin Tafarnuwa a Ɗakin Habsa

Ranar Talata da hantsi aka fito da gawar ƴaƴan Illiya magini daga ɗakin uwarsu, Asma'u ƴar shekara bakwai da ƙanwarta Mariya ƴar huɗu, zane ɗaya ya ishe su lulluɓi. Uwar, Habsa, an riga an kai ta gidan likita tana ta amai, ba ta ma san an yi jana'iza ba. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, matan unguwa sun gama shari'a har sun yanke hukunci: Tabawa ce.

Tabawa baƙuwa ce, mutuniyar Dabaga. Rijiyar garkarsu, wato lambunsu, ta ƙafe saboda farin da ake ciki, mijinta ya bi motar arewa neman aiki bai ko waiwayo ba, ita kuwa ta gangaro Agadez da rabin buhun busasshiyar tafarnuwa, ta kafa bukkar tabarma a jikin katangar Illiya. Yammacin Litinin an gan ta tana miƙa wa yaran kwanon tuwo. Da safe duk wanda ya leƙa ɗakin sai ya ja da baya ya toshe hanci saboda warin tafarnuwa. Ma'aikacin likita ya ce guba ce, amma bai san wace iri ba. Shi ke nan fa. A shekarar da yunwa ta shiga kowane gida, mutane ba sa shan wahalar neman wanda za su tsana, balle in ba shi da dangi a gari. Jandarmomi suka tafi da ita, aka ce ranar Juma'a za a miƙa ta kaso, wato kurkuku. Zamanin soja ne, wanda ya shiga kaso da sunan kashe yara ba a tambayar ranar fitowarsa.

Bayan azahar Ajidan, babban jandarman da maganar ke hannunsa, ya aika a kira masa Bahago.

Bahago mai bin sawu ne. Shekara arba'in ya yi yana bin ɓarayin raƙuma daga bakin gulbin Telwa har duwatsun Timia. Yakan dubi ƙasa ya gaya maka raƙumin nan ba ya gani da idon dama, mai jansa kuma yana fama da gwiwa. Fari ya kashe raƙuman, ya haɗa da sana'ar. Yanzu sai zaman gindin bango, yana kallon ƙafafun masu wucewa, don idon ya ƙi yarda an sallame shi daga aiki.

"Aiki kaɗan ne, tsoho," in ji Ajidan. "Ka je ka ga sawunta cikin ɗakin, in rubuta, in rufe maganar. Ina da buhunan taimako da aka sace a magaza, rumbun hatsin gwamnati, sojoji na bin gida gida, kumandan na kaina. Ba ni da lokacin tuwo."

"In na gani zan faɗa maka," Bahago ya ce. Bai ce zai gani ba.

* * *

Illiya ne ya buɗe musu ɗakin, idonsa jawur. Bahago ya yi masa gaisuwa, sannan ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe bai shiga ba.

Habsa mace ce mai tsafta. Rairayin gulbi take tankaɗewa ta shimfiɗa a ɗaki, kullum da yamma ta bi shi da tsintsiya ya kwanta lumui. Mutanen da suka ruga da safe sun tattake tsakiyar, amma gefe da gefe yana nan yadda ta bar shi. Ga ƙananan ƙafafu biyu sun yi tsalle-tsalle daga ƙofa zuwa tabarmarsu a gindin bangon gabas. Bahago ya kau da kai daga kansu da sauri, zuciyarsa ta ƙi ɗauka. Ƙafar Tabawa ya san ta sarai, faffaɗa mai buɗaɗɗun yatsu irin ta masu aikin garka. Ya same ta a tsakar gida, ta zo har taki biyu kafin ƙofa, ta tsaya, ta juya.

Ya shiga. Ƴar tagar ɗakin an cusa mata tsummoki, don watan sanyi ne, sanyin Agadez kuwa ba ya wasa da yaro mai yunwa. Warin yana nan daram. Kafin ya gama zagaya ɗakin ya ji kansa ya fara sarawa.

"Wanga bango fa?" ya tambaya. Bangon gabas ya fi sauran kauri, yaɓensa sabo ne, har yanzu duhun danshi bai gama barinsa ba.

"Tsagewa ya yi, Baba Bahago," Illiya ya ce daga waje. "Jiya na ƙara mishi kauri, kar ya faɗo musu."

Bahago ya bi gindin bangon da rarrafe. A nan ya ga abin da ya tsayar da shi. Kiyashi ne, layi guda, sun taso daga ƙofa sun bi gefen ɗaki har wata ƴar tsaga da yaɓen ya yi a ƙasa, kuma duk sun mutu a jere, kowane kansa na duban tsagar. Kusa da su ga tsaka ta yi rigingine. A bakin tsagar akwai wani gari fari-fari mai laushi, kamar tokar da aka tankaɗe. Ya ciro tsumma daga aljihu ya kwashe, har da rairayin da gawar kiyashin, ya ƙulle. Ya yanki gefen tabarmar yaran, ya nemi kwanon tuwon da ba a wanke ba.

Ajidan yana jira a ƙofar gida, rabin jikinsa cikin mota. "Alors? Ka ga sawunta?"

"Na ga inda ta tsaya. Ba ta shiga ba."

"Guba ba ta da ƙafa, tsoho. Kwano ya shiga."

"Gaskiyarka. Amma kiyashi ba su ci tuwo ba, sun mutu. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Ajidan ya dube shi kamar zai yi dariya, ya fasa. "Juma'a da safe. Bayan nan ba ruwana."

* * *

A birgad, wato gidan jandarma, an ajiye Tabawa a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Leɓenta ya fashe, ba jandarma ne suka yi ba, matan unguwa ne kafin a ƙwace ta.

"Mi kika sa cikin miyar?" Bahago ya tambaye ta.

"Gishiri, Baba, da busasshiyar kuɓewa, da ƙwayar tafarnuwa guda. Guda tak. Ita nake saidawa in ci, ina zan samu ta ɓarna?"

"Ke kin ci?"

"Ƙanzon tukunyar na kankare na jiƙa. Tukunya ɗaya ce. Ga ni zaune."

"Don mi kika ba su? Ke ma ba ki da shi."

"Uwarsu ta wuni layin rabon dawa, ba ta dawo ba sai magariba. Ƙaramar ta zo ta zauna bakin bukkata tana kallon tukunya, ba ta ce komi ba. Kai za ka iya ci?" Ta share hanci da bakin zane. "Tare aka sa su a kabari, ko an raba?"

"Gefe da gefe."

"To, alhamdu lillahi. Mariya ba ta barci ita kaɗai."

Bahago ya fito da baƙin ciki mai nauyi. Ya sha zama gaban maƙaryata, ya san yadda suke cika magana. Wannan matar ko sau ɗaya ba ta ce a cece ta ba.

* * *

Baturiya, yayar Illiya, ita ce bakin unguwa. Ta rantse har da dafa ƙirji cewa ta ga Tabawa a kantin Lukumanu ranar Lahadi, kuma kowa ya san Lukumanu na sayar da maganin ɓera.

Lukumanu ya buɗa hannu ya nuna wa Bahago kantin da babu komai a ciki sai ashana da sabulu. "Maganin ɓera? Baba, shekara guda ban kawo ba. Wa zai saya? Ɓerayen ma sun bar gari. Ashana ta zo nema, na ba ta tsinke biyar. In ka tambaye ni, gawayi ne. Sun rufe ɗaki da kaskon wuta, kowace shekara sai ya ɗauki wani."

Maganar ta shiga kunnen Bahago, har ya ji sanyi a ransa, don in gawayi ne babu mai laifi. Amma bai ga kasko a ɗakin ba, bai ga gurbinsa a rairayi ba. Ya wuce gidan likita.

Habsa tana kwance ta juya fuska ga bango. An gaya mata. Ta amsa masa da murya shiru-shiru, irin ta wadda kuka ya ƙare mata. Gawayi? Rabonsu da shi tun farkon sanyi. Yaran sun ci tuwon, sun yi wasa, Asma'u har ta yi mata waƙar da suke yi a lakwal, makarantar boko. Ita ta kwanta a bakin ƙofa, su a gindin bango inda suka saba, maigida kuma a zaure wajen jakinsa.

"Da kuka kwanta, kin ji warin?"

"Kaɗan. Na ce bakin yara ne."

"Da asuba fa?"

"Ya cika ɗaki, Baba. Kamar an daka buhu guda."

Bahago ya fito yana juya maganar. Warin abinci raguwa yake yi in dare ya tsawaita. Wannan ƙaruwa ya yi, har wuni ya ƙare bai fita ba. Ke nan ba daga cikin yaran yake fitowa ba, ɗakin ne da kansa ke fitar da shi. To amma sawun iska ba abin da idonsa zai iya bi ba ne. Mutum ɗaya ya sani da ke wannan aikin.

* * *

Laraba da sassafe ya hau motar ma'aikata zuwa Anou Araren, inda ake haƙo gawayin ƙasa. Zeinabou, ɗiyar ƙanwarsa, a labo take aiki, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ita ce ta farko a danginsu da ta yi boko mai zurfi, kuma Bahago na cikin waɗanda suka ce ba amfani. Bai tuna mata ba, ita ma ta yi masa kara.

Ta nemi izinin shugabanta, ta kai shi gaban wani akwatin ƙarfe da bai wuce akwatin amarya girma ba, ƙofarsa ta madubi ce da ake hango ciki, bakinta zagaye da roba.

"Kawu, kowane abu yana numfashi," ta ce. "Gawayi, fenti, tabarma, katako. A sarari iska na kwashewa, ba a sani. In muka rufe shi nan ciki shi kaɗai, abin da ya fitar ba shi da wurin zuwa. Sai mu jira, mu ɗebi iskar mu auna."

Ta nuna masa abin awon: ƴar siririyar kwalba mai tsawon yatsa, cike da farin gari, da lambobi a jiki. Akan soka ta a wata kafa ta akwatin, a ja iskar ta cikinta da wani abin roba mai kama da zugazugin maƙera. Kowace iska da irin kwalbarta. In iskar na nan, garin zai canza launi, inda launin ya tsaya nan ne lambar.

Aiki ne mai cin rai. A sa abu ɗaya, a rufe, a jira daga hantsi zuwa azahar, a auna, a buɗe akwatin ya sha iska, sannan na gaba. Bahago, da ya saba kwana uku yana bin raƙumi ɗaya, bai ƙosa ba. Kwanon tuwo aka fara sawa. Ta gwada kwalbar hayaƙin gawayi, fari fat. Ta shinshina ƙullin tabarmar, ta yamutsa fuska, ta tsaya tana tunani.

"Wanga ba tafarnuwa ba ce. Attends, jira ni." Ta shiga wani ɗaki ta dawo da wani kwali mai ƙura. Akwai wata muguwar iska mai wannan warin, ta ce, wadda kan fito daga sinadarin masu walda, don ita aka ajiye waɗannan kwalaben, ba a cika taɓa su ba. Ta gwada a kan kwanon: babu. A kan tabarmar: ɗan duhu a bakin kwalbar, da ƙyar ido ke kama shi. Dare ya yi musu, suka bari sai gobe.

Ranar Alhamis aka sa ƙullin gindin bango. Bahago ya kafa wa madubin ido kamar zai ga wani abu na tashi. Da azahar ta ja iskar. Duhun bai wuce na tabarma ba.

"Akwai, amma kaɗan ne, Kawu. Wanga ba zai kashe ko kaza ba." Ta fara tattara kaya, tausayinsa a fuskarta.

Bahago bai motsa ba. Gobe Juma'a. Ya rufe ido ya koma ɗakin, ya sake bin gefen bango da rarrafe, ya ji sanyin yaɓe a kafaɗarsa.

"Ɗiyata, akwatinki a bushe yake?"

"Ƙayau. Kamar waje."

"Ɗakin ba a bushe yake ba. Ranar aka yi yaɓe. Bangon na zufa."

Ta dube shi, ta ajiye abin da ke hannunta. Ta jiƙa auduga ta sa a ɗan faranti, ta tura cikin akwatin kusa da ƙullin, ta rufe. Suka jira har la'asar. Da ta matsa zugazugin, launin ya kama daga bakin kwalbar ya haura, ya wuce lamba ɗaya, ya wuce ta biyu, bai tsaya ba sai da ya cinye garin duka.

"Innalillahi," Zeinabou ta ce a hankali. Ta janyo takarda. "Ɗakin taki nawa ne?"

"Biyar da huɗu. In na miƙa hannu ina taɓa rufi."

"Taga?"

"A toshe."

Ta yi lissafinta, ta sake yi, ta aje alƙalamin. Wannan ɗan garin da ya kawo, ta ce, ɓurɓushi ne kawai, uwar tana can inda ya fito. Ƙwayoyi ne masu launin toka da ake cusawa tsakanin buhunan hatsi a magaza don kashe ƙwari, a lulluɓe da tamfol, a kafa takardar gargaɗi da faransanci. Danshi ke tashe su. A ƙasashen ruwa kwana kaɗan suke yi su ƙare su zama toka. A nan kuwa, da iska ba ta da ko ɗigon laima, sai su yi ta barci cikin buhu har ranar da ruwa ya kusance su.

"Kawu, akwai hatsin magaza a ɗakin nan. Kar kowa ya sake kwana ciki."

Nan take Bahago ya tuna. Kwana goma da suka wuce, Ajidan ya kai shi bayan magaza ya duba sawun ɓarayin buhu. Ya ga sawun jaki da kaya mai nauyi, kofaton baya na hagu a tsage. Ya san jakin, kullum yana wuce shi da lodin laka. Ya kuma san wanda aka ɗauka gyaran bangon magazar a satin. Ya tuna yara biyu masu siraran wuya, ya miƙe ya ce wa Ajidan iska ta share komai. A ranar ya ɗauka alheri ya yi, har ya ji daɗin kansa.

* * *

Juma'a da hantsi gidan Illiya ya cika. Ajidan ya zo da Tabawa da ƙarfe a hannu, don daga nan kaso za a wuce. An kira Lukumanu. An sallamo Habsa, tana zaune a inuwa an jingina ta da bango. Maƙwabta sun yi cincirindo a zaure, kowa na son ya ga ƙarshen baƙuwar. Bahago na shigowa ya tarar da Baturiya ta nufi ɗakin da bokitin ruwa, za ta yayyafa a shimfiɗa sabon rairayi, Habsa ta koma ɗakinta.

"Aje ruwan nan!" ya daka mata tsawa. Ba a taɓa jin muryarsa haka ba. Ta aje.

Ya miƙa wa Ajidan takardar Zeinabou da kwalaben guda huɗu a jere cikin tsumma. Sannan ya juya ga mutane.

"An ce maganin ɓera. Lukumanu bai da shi, kantinsa na nan ku je ku duba. An ce gawayi. Ba a kunna wuta a ɗakin ba. An ce tuwo." Ya ɗaga kwalba ta farko, fara tas. "Wagga ta kwanon Tabawa ce. An rufe shi cikin akwatin gwaji rabin wuni, bai fitar da komi ba."

"Mayya ai ba a kama ta da kwalba," Baturiya ta ce.

"Wagga kuma," Bahago ya ci gaba, bai ko dube ta ba, ya ɗaga wadda ta yi duhu har ƙarshe, "ta abin da na kwasa cikin ɗakin ce. Magani ne da ake sa wa hatsi a magaza don ƙwari. Ba ya motsi sai ya ji danshi. In ya ji, sai ya zama iska mai warin tafarnuwa, ya cika ɗaki, ya fara da wanda ya fi kusa da shi, ya fara da ƙarami. Yana nan ciki har yanzu. In an yayyafa ruwan nan Habsa ta kwana, gobe mu koma maƙabarta."

Ya ƙi kallon kowa, ƙasa yake duba. Daga nan yana ganin ƙafafun Illiya, ya ga yatsun sun ƙanƙame rairayi.

"Hatsi ba ya kisa," Illiya ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Baba Bahago, hatsi ne. Dawa ce. Abinci ne."

Habsa ta ɗago kai a hankali.

"Wane hatsi, baban Asma'u?"

Illiya ya shiga zaure ya fito da gatari. Jandarma ɗaya ya taɓa bindiga, Ajidan ya ɗaga masa hannu. Bahago ya ce a fara zare tsumman taga, a bar ƙofa a buɗe, ya ɗaure wa Illiya rawaninsa a hanci da hannunsa. Sara uku bangon ya rufta, don bai fi kaurin tafin hannu ba. Buhu biyu ne a tsaye a bayansa, gindinsu ya sha ruwan laka. Illiya ya jawo su tsakar gida. Ɗaya ya yage, jar dawa ta zubo, a cikinta ga ƙwayoyi masu launin toka, wasu sun kumbura sun zama gari, wasu ko tsagewa ba su yi ba.

Abin kunya, amma gaskiya ne: idanun rabin mutanen da ke wurin a kan dawar suka fara sauka.

Illiya ya durƙusa gaban buhun. Magana ta riƙa fito masa gutsi-gutsi, ba wanda ya tambaye shi. Ƙarƙashin tamfol a magaza ya jawo buhunan. Ya ga takarda a jiki, bai iya karatu ba. Sati guda suna cikin harawar jaki, bai taɓa ko tiya ɗaya ba don tsoron a ga jar dawa a tukunyarsu fiye da rabo. Ranar Litinin ya ji sojoji sun iso unguwar gaba, Habsa na layi, sai ya kwaɓa laka. Ya ƙara ruwa sosai don yaɓen ya kwanta, kar a gane. Nufinsa in bincike ya wuce ya fasa, yaran su ƙoshi ko sau ɗaya.

"Ni na gyara musu tabarmar," ya ce. "Na matsa da ita jikin bangon, don ta rufe gindin."

Habsa ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta dube shi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Baturiya ta zame ta zauna daɓas kusa da bokitinta.

Ajidan ya ninke takardar ya sa aljihu. Ya matso kusa da Bahago, ya yi ƙasa da murya. "Bayan magaza, ka ce mini iska ta share sawu."

"Ba ta share ba. Na gani, na yi shiru." Bahago bai rage murya ba, ya bar kowa ya ji. "Da na faɗa, da yana kaso, da suna raye."

"Gobe ka same ni a birgad."

"Zan zo."

Ƙarfen hannu guda ɗaya jandarmomin suka zo da shi. Ajidan ya ciro mabuɗi ya kwance Tabawa. Wuyan hannunta ya kumbura, fatar ta saluɓe a wuri biyu. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Matan da suka fasa mata baki duk sun sami abin kallo a ƙasa. Ta tsaya inda aka sake ta, tana murza hannu, tana kallon Illiya ya miƙa nasa tun ba a ce ya miƙa ba.

Da ƙarfen ya zagaye hannunsa, Ajidan ya kama zai danne, sai ta yi magana.

"Kar ka matse mishi, Ajidan," ta ce. "Yana cin hannu."